Randa a Gaban Injin: Sanyaya Numfashin Motar Turbo a Zafin Bazara

Kawuna yana da wata a-kori-kura mai shan dizal, da ita yake kwasar riɗi da zoɓo da gero daga ƙauyukan Yankwashi zuwa kasuwar Dawanau a Kano. Ya daɗe yana faɗin magana ɗaya a kanta: "Motar nan 'yar hunturu ce." Idan ya tashi daga Karkarna bayan sallar asuba a watan Janairu, sanyi na ratsa yatsu a kan sitiyari, motar kan ci hanya kamar ba a ɗora mata komai ba. A watan Afrilu kuwa, bayan azahar, da buhunan nan dai, a hanyar nan dai, sai ta koma kamar jakin da ya kwana bai ci ba. Ya taka totur har ƙasa, ta yi gurnani, ta tuttuɗo baƙin hayaƙi, gudu bai ƙaru ba. Ya canza nozul, ya canza gidan man da yake sha, har ya fara maganar a sauke injin.

Da yake na yi ƙuruciyata a gareji a Kazaure kafin in koma karatu, wata rana ya aika a kira ni. Ya ce, "Kai ɗan nan, ku da kuka haɗa boko da sifana, zo ka duba mini abin da ke damun ta." Na buɗe bonet, na durƙusa a gabanta, na haska tocila ta ragar gaba. Lafiyar injin ƙalau. Numfashinta ne ya yi zafi.

Injin mota wuta ce da ake hurawa a cikin rufaffiyar tukunya. Wuta kuwa abu biyu take ci, mai da iska. Ƙara mai ba wuya, iska ce mai iyaka, domin silinda kamar mudu take, ba ta ɗaukar fiye da cikinta. Maƙeran garinmu sun san maganin wannan tun kaka da kakanni: in kana son gawayi ya narka ƙarfe, sai ka sa zugazugi. To turbo shi ne zugazugin injin. Fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita zuwa salansa yana juya ta farko, ta biyun kuma ta zuƙo iskar waje ta danna ta cikin injin da ƙarfi. Sandar nan kan juya sau 150,000 ko fiye a minti ɗaya. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905, yau kuma da wuya ka ga babbar motar dizal da ba ta da shi. Tireloli da tifofi da ke bin hanyar Kano zuwa Daura, da manyan injinan da aka kawo yankinmu saboda aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kusan duk da turbo suke numfashi. Ƙananan motocin fetur da ake shigo da su yanzu ma sun bi sahu: injin lita 1.5 ko 2.0, a maƙala masa turbo, ya yi aikin da injin silinda shida yake yi a da.

Sai dai zugazugin nan yana da haraji. Duk yaron da ya taɓa hura tayar keke ya san gindin famfo kan yi zafi. Ba gogayya ce kaɗai ba, ita iska haka take, in an matse ta sai ta ɗauki zafi. Bari in yi lissafi irin na takarda. A ce turbo ya ninka matsin iska sau biyu, abin da motoci da yawa ke yi. Da asubar hunturu, iskar waje tana digiri 15, za ta fito daga turbo tana kusan digiri 105. Da ranar bazara, iskar waje tana digiri 42, za ta fito tana kusan 140, wato ta zarce tafasasshen ruwa nesa. Iska mai zafi kuwa kumbura take yi. Mudu ɗaya na iska mai zafi kamar mudun geron da ba a sheƙe ba ne: ya cika fal, amma rabonka na tsaba ya ragu. Tsabar a nan ita ce iskar oksijin da wuta ke ci. A ƙiyasi, duk ƙarin zafi na digiri 3 yana rage kusan kashi 1 cikin 100 na nauyin iskar da ke shiga mudun.

A injin dizal, ƙarancin iska ne ke sa mai ya ƙone rabi da rabi, ya fito baƙi ƙirin, zafin hayaƙi ya hau. A injin fetur abin ya fi haka muni. Cakuɗen fetur da iska, in ya yi zafi sosai, ba ya jiran wutar fulogi ta gama bin sa, sai wani ɓangarensa ya fashe da kansa. Shi ne ƙarar nan ta ƙas-ƙas-ƙas, kamar tsakuwa a gwangwani, da akan ji a hawa. In ta daɗe tana cin fistin. Motocin zamani suna da kunnen da ke sauraren wannan ƙara, da sun ji ta sai kwamfutar motar ta jinkirta wutar fulogi, ta rage matsin turbo, ta kuma ƙara zuba fetur fiye da abin da zai ƙone, don kawai fetur ɗin ya sanyaya silinda. Wannan na ƙarshe ya kamata ya tsaya wa kowa a rai. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai, kowa ya san abin da lita take ci a aljihu. Motar da numfashinta ya yi zafi da fetur take yin fifita. Ga shi a gidajen manmu fetur iri ɗaya ake sayarwa, babu zaɓin mai lamba 95 ko 98 irin na Turai, wanda ya fi jure matsi kafin ya fashe.

Abin da masu ƙera motoci suka tanada shi ne intakula. Kamar lagireto take, sai dai iska ce ke bi ta cikinta maimakon ruwa. Iskar turbo mai zafi ta ratsa ƙananan bututan alminiyom, iskar hanya ta busa su ta waje. Mai kyau takan kwashe kusan kashi 70 cikin 100 na bambancin zafin ciki da na waje. Iskar asubar nan mai digiri 105 sai ta sauko kusan 42, ta ranar bazara mai 140 ta sauko kusan 71. Ka ga ke nan ko motar tana da cikakkiyar lafiya, akwai ratar kusan digiri 30 tsakanin Janairu da Afrilu, wato kashi 8 zuwa 9 cikin 100 na iskar. Kawu bai yi ƙarya ba da ya ce motarsa 'yar hunturu ce. Kuma intakula, komai girmanta, ba ta iya sauke zafi ƙasa da na iskar da ke busa ta. Injiniyan da ya zana ta a Jamus ko Japan ya gwada ta a ƙasashe masu zafi, amma yawancin masu sayen motarsa ba sa tuƙi a kan kwaltar da ke narka takalmin roba.

Akwai kuma wani hali da ya fi wannan tsanani, wanda duk direban da ke shiga ƙauyukan Gwiwa ko na Babura ya sani: rairayi. Mota ɗauke da kaya, a giya ta ɗaya ko ta biyu, totur a ƙasa, turbo yana iya ƙoƙarinsa, ita kuwa motar tana rarrafe. A lokacin da iskar ciki ta fi zafi, a lokacin ne babu iskar hanya da za ta busa intakula. Haka abin yake a hawan duwatsun wajen Roni, ko bayan an daɗe a tsaye a shingen bincike ƙarfe ya jiƙu da zafi.

Abin da tocilata ta nuna mini a motar Kawu shi ne intakular da ta toshe. Wani tiyo yana ɗan yoyon baƙin mai a kanta, ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta manne, ga ƙaiƙayi da tsabar ciyawa da fukafukan fara, duk sun haɗu sun zama kamar yaɓen bango. A gabanta kuma an kafa manyan fitilu biyu da faranti mai rubutun addu'a, sun tare rabin ƙofar iska. Wani bakanike ma ya ba shi shawarar a cire ta gaba ɗaya a haɗa bututun kai tsaye. Na ce, "Kawu, don Allah kada ku yarda." Wannan al'ada ta cire duk abin da ba mu gane amfaninsa ba tana cikin abubuwan da suka fi ba ni takaici a sana'ar da na tashi a cikinta. In an cire intakula, iska mai digiri 140 ce za ta shiga injin, kuma idan aka kwatanta da asubar hunturu da intakula mai aiki, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar ya tafi.

Mun kwance ta, mun jiƙa ta da ruwan omo, mun wanke ta daga baya zuwa gaba da ruwa mai taushin gudu, domin injin wankin mota mai ƙarfi yana lanƙwasa siraran fukafukanta. Mun miƙe waɗanda suka lanƙwashe da bakin ƙaramar wuƙa, mun canza tiyo, mun ɗaure kilif, mun mayar da fitilu da farantin sama, mun sa sabuwar matatar iska. Yawancin ƙarfin da ya ɓata a ranar ya dawo. Na fara da wannan ne da gangan: wanda bai wanke intakularsa ba, duk dabarun da zan ambata a ƙasa ba nasa ba ne tukuna.

Ilimin randa

Tambayar ita ce, in iskar gari ta kai digiri 42, da me za a sanyaya abin da ake so ya sauka ƙasa da abin da intakula ke iyawa? Amsar tana tsakar gidan kowa a Yankwashi. Ruwan randa ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi, ba wuta, ba ƙanƙara. Jikin randa yana tsattsafo da ruwa, ruwan ya bi iska, kuma ruwa ba ya zama tururi sai ya kwashi zafi daga abin da yake jikinsa. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, a kan wannan ilimi ya gina tukunyarsa ta cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Gautan da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27. Aikin ya jawo masa kyautar Rolex a shekarar 2000. Ina ganin bakaniken Jigawa ya fi kowane bakanike a duniya haƙƙin ya fahimci abin da zai biyo baya.

Ruwa ba ƙaramin mayen zafi ba ne. Lita ɗaya, in ta zama tururi gaba ɗaya, tana kwashe zafin da zai sauke kilo 100 na iska da fiye da digiri 20. Kilo 100 na iska kuwa shi ne kusan abin da injin lita 2.5 mai turbo ke shaƙa a minti 15 na aiki tuƙuru. A zahiri ba duka ake mora ba, iska tana kwashe wani ruwan kafin ya yi aiki, amma ko rabi aka samu an ci riba.

Masu ƙera motocin tsere sun daɗe da sanin haka. Subaru Impreza WRX STI da Mitsubishi Lancer Evolution, motocin da suka yi suna a tseren daji, an sayar da wasu samfuransu da tankin ruwa da maɓalli a gaban direba, in ya danna sai ruwa ya fesu a jikin intakula. Porsche 911 GT2 RS da ta fito a 2017 tana da tanki mai cin lita 5 don wannan aiki, kwamfuta ce ke fesawa da kanta in zafi ya hau. Wato kamfanin da ke sayar da mota a kan kuɗin da zai gina unguwa, da ya rasa yadda zai yi da zafi, dabarar randa ya koma wa.

Ga inda ƙasarmu ta fi tasu dacewa. Ruwa yana saurin bin iska ne in iskar busasshiya ce. A watan Maris da farkon Afrilu, damshin iska a yankin Kazaure kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. A irin wannan yanayi, ko iska tana digiri 40, jiƙaƙƙen abu yana iya saukowa kusa da digiri 22. Ratar digiri 18 ke nan, kyauta. A Legas ko Fatakwal, inda iska ke jiƙe, ratar ba ta wuce 'yan digirori. Zafin da ke wahalar da motocinmu shi ne kuma ya zo da busasshiyar iskar da ke maganinsa. A watan Agusta dabarar ba ta da wani tasiri, kamar yadda ruwan randa ba ya sanyi sosai da damina, amma a lokacin gari ya riga ya yi sanyi, ba a bukatarta.

Abin da muka haɗa wa Kawu bai wuce kayan da ake samu a kasuwar Kofar Ruwa da ke Kano ba: tankin ruwan wanke gilas na wata tsohuwar mota da famfonsa, siririn tiyo, bakin feshi biyu irin na injin feshin gona masu fitar da ruwa kamar hazo, fis, da maɓallin da sai an danna yake aiki. Hazo ake so, ba kwarara ba. Ruwan da ya zuba a kwalta bai sanyaya komai ba. Kuma ba a dannawa sai a hawa, ko a rairayi, ko za a wuce tirela, daƙiƙa biyu ko uku a saki.

Dabarar tana da nata sharuɗɗa, ba zan ɓoye ba. Jiƙaƙƙen ƙarfe yana kama ƙura, ƙura da ruwa kuwa laka ce, saboda haka wanda ya sa feshi ya ɗaukar wa kansa wankin intakula a kai a kai, kuma kada ya fesa yana bin bayan wata mota a hanyar burji. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai gishiri-gishiri yana barin farin dafi irin na gindin buta, wanda shi ma bargo ne a jikin alminiyom. Sannan a kiyaye inda ruwan ke sauka. Kada ya taɓa jikin turbo ko bututun hayaƙi, domin hayaƙin dizal kan kai digiri 700, na fetur ya haura 900, kuma ƙarfen da ya yi ja in ya sha ruwan sanyi yana tsagewa. Kada kuma ya jiƙa wayoyi.

Ruwa a cikin injin

Akwai masu zuwa gaba da haka, su fesa ruwan a cikin bututun iskar kanta, ya shiga silinda tare da ita. Wanda ya fara jin wannan zai ce hauka ne, amma dabara ce da ta girmi yawancinmu. A Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙin Jamus irin su Messerschmitt Bf 109 suna da tsarin da ake kira MW 50, rabi ruwa rabi sinadarin metanol, wanda matuƙi ke buɗewa na 'yan mintoci in yana neman ƙarin ƙarfi. Jirgin Amurka P-47 ma yana da irinsa. Dalilin shi ne ruwa, wajen zama tururi, yana kwashe zafi kusan ninki shida na abin da fetur mai nauyinsa ke kwashewa.

A 1962 kamfanin Oldsmobile na Amurka ya fitar da Jetfire, ɗaya daga cikin motocin turbo na farko da aka sayar wa jama'a. Tana da ƙaramin tanki na ruwa da metanol. Masu motar suka riƙa mantawa da cika shi, in ya ƙare sai na'urar kariya ta rage ƙarfin turbo, su kuma su koma wurin dillali suna ƙorafin mota ba ta ja. Shekara biyu kacal aka yi ana ƙera ta, ba ta kai guda 10,000 ba. Injiniyoyin sun yi daidai a lissafi, halin ɗan Adam ne ba su sa a ciki ba. Bayan fiye da shekara hamsin, BMW ya dawo da dabarar a motar M4 GTS ta 2016, wadda aka ƙera guda 700 kawai: tankin lita 5 a but, feshin da ke sauke zafin iska da kimanin digiri 25, ƙarfin injin ya tashi daga doki 431 na M4 ta yau da kullum zuwa 500.

Duk da haka ban yi wa Kawu wannan ba, kuma ba na ba kowa shawararsa a gareji irin namu. Ruwa ba ya matsuwa. In bakin feshi ya yi yoyo mota tana tsaye, ruwa ya taru a bututu, ana tayar da injin ya afka silinda, sandar fistin ce za ta lanƙwashe nan take. Tsarin kirki yana bukatar famfo mai matsi sosai, da bawul mai hana yoyo, da kwamfutar da ta san lokacin da ruwa ya ƙare ta janye ƙarfin da ta ƙara. Yana kuma bukatar tataccen ruwa irin na batir, wanda ba a haɗa da asid ba. Ruwan leda bai isa ba, akwai ma'adinai a cikinsa. Metanol kuwa guba ne, kaɗan daga cikinsa yana makanta mutum, ga shi kamar ruwa a ido, bai kamata a ajiye shi a galan a gidan da yara ke yawo ba. Masu mota a Nijeriya ba su manta farkon 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima, motoci suka lalace, layi ya dawo gidajen mai. Turawa ma dalilansu na haɗa metanol da ruwa har da hana daskarewa, matsalar da ba mu da ita. Wanda ya nace sai ya gwada a motarsa, to kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Hanya ta uku, bayan feshin waje da na cikin injin, ta riga ta shigo garejinmu ba tare da sallama ba. A maimakon iskar hanya ta sanyaya iskar turbo, sai a ratsa ta cikin wani akwati mai bututan ruwa, ruwan ya kwashi zafin, ƙaramin famfon lantarki ya kai shi wata lagireto ta daban a gaban mota. Injinan Volkswagen 1.4 TSI da yawa haka suke, haka ma Lexus NX 200t. Amfaninsa shi ne ruwa yana da haƙurin ɗaukar zafi, yana iya shanye hucin minti ɗaya ko biyu na hawa ko da motar ba ta gudu, kuma bututun iska ya gajarta. Abin da nake so bakanikai su lura da shi: wasu daga cikin irin waɗannan motoci suna da tankin ruwan sanyaya biyu, kuma famfon na biyun yana iya mutuwa shiru, allurar zafi ba ta motsa ba, mota dai ta yi nauyi da rana. Kafin a zargi turbo, a taɓa tiyon a ji ko ruwa na zagayawa.

Sauran dabarun na 'yan tsere ne. Akwai masu cika akwatin ruwan nan da ƙanƙara, ta ishe su gudun daƙiƙa goma. Akwai masu fesa iskar gas mai daskarewa a jikin intakula. Dodge Challenger Demon ta 2018, wadda zugazuginta bel ne ke juya shi ba hayaƙi ba, tana karkatar da sanyin esi daga ɗakin fasinja zuwa ruwan intakula kafin a tashi tsere. Wannan tana iya sauke iska ƙasa da zafin gari, amma injin ne ke juya kwamfiresan esi, abin da aka samu a dama ana biyan wani abu a hagu. Ga mai tafiyar Babura zuwa Kano, ƙanƙararsa ta narke tun bai bar gari ba.

Masu mayar da motocin fetur zuwa iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ke ƙarfafawa tun 2023, su ma maganar ta shafe su. Gas ɗin ya fi fetur jure matsi, ba ya saurin fashewa da kansa, wannan alheri ne ga injin turbo. Amma a iska yake shiga, ba ya zama tururi a hanya balle ya kwashi zafi kamar yadda fetur ke yi. Motar da aka mayar gas ta rasa wancan ɗan sanyin, don haka ta fi bukatar intakula mai tsabta.

Akwai kuma abubuwan da ba sa cin ko sisi. A duba inda injin ke zuƙo iska: na sha ganin an yar da akwatin matatar iska an ɗaura wata a fili cikin ɗakin injin, kusa da bututun hayaƙi, inda zafi ya fi na waje da digiri 20 ko fiye, turbo kuma ya ɗora nasa a kai. A mayar da farantan kare zafi da robobin da ke tilasta wa iska bi ta cikin intakula, waɗanda akan cire a lokacin gyara a bar su a ƙasa. A rairayi a sauko da giya a bar injin ya juya da sauƙi, fanka ta ja iska, maimakon a danne shi a babbar giya. Bayan doguwar tafiya a bar injin yana aiki minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, baƙin mai ya sanyaya sandar turbo. Mai ƙaramar mota kuma yana iya sayen 'yar na'urar nan da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, ta aika wa wayarsa zafin iskar da ke shiga injin. Gani ya kori ji. Ina fatan wata rana ɗaliban injiniya na Kwalejin Hussaini Adamu da ke Kazaure za su ɗauki mota ɗaya su auna ta a hanya ɗaya a Janairu da Afrilu da Agusta, da feshi da babu feshi, su ba mu alkaluman ƙasarmu, mu daina dogaro da na ƙasashen da ke fama da dusar ƙanƙara.

Ranar da muka gwada feshin, mun taso da buhunan zoɓo wajen ƙarfe biyu na rana. A wani ɗan hawa kafin Kazaure na ce, "Kawu, ku danna yanzu." Ya danna, ya saki, ya sake dannawa, yana kallon madubi yana neman baƙin hayaƙin da ya saba gani. Bai ce komai ba sai da muka wuce Dambatta, sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma ruwan fa? Ka ce na rijiyarmu yana barin dafi."

Matarsa ce ta warware wannan. Ruwan sama ba shi da gishirin ƙasa. Da damina ta kankama, ta bar ruwan farko ya wanke kwanon ɗaki, sannan ta tara na bayansa a duro biyu, ta tace da farin ƙyalle, ta rufe bakinsu da leda ta ɗaure da roba. Suna nan a inuwa a bayan rumbu, ta hana kowa taɓawa sai watan Maris.